Dabon Kashi Uku: Wa Ya Fara Shi, Wa Ya Gano Sirrinsa?

Cikin wasannin rufa-ido da ake yi da karta, akwai wani da ya zaga duniya har ya zama shi ne yawancin masu koyo ke farawa da shi. Ana ɗaukar katunan karta 21, a raba su ɗaya bayan ɗaya zuwa kashi uku, fuskokinsu a sama, kowane kashi ya samu bakwai. Sai a ce wa mai kallo ya zaɓi kati guda a zuciyarsa, kada ya taɓa shi, kada kuma ya faɗi sunansa. Abin da ake buƙata gare shi kawai ya nuna kashin da katin yake ciki. Mai wasa sai ya tattara katunan, ya sa kashin da aka nuna a tsakiyar sauran biyun, ya sake rabawa, ya sake tambaya. Idan aka yi haka sau uku, sai ya ƙirga daga sama, kati na 11 shi ne wanda mutumin ya ƙudurta.

Babu saurin hannu a nan, babu katin da aka ɓoye a hannun riga, babu abokin haɗin baki cikin jama'a. Ko wanda bai taɓa riƙe karta ba, in ya bi matakan daidai, zai dace. Irin wannan shi masu sana'ar ke kira dabo mai yin kansa, domin lissafi ne ke ɗauke da dukan aikin. Tambayar da ke biyo baya ita ce: daga ina ya fito? Mai bin sawun wannan wasa zai tarar tambayar ta rabu biyu. Akwai wanda ya fara yi, akwai kuma wanda ya fara gane dalilin da ya sa yake yiwuwa. Tarihi bai riƙe sunan na farko ba. Na biyun kuwa sawunsa a bayyane yake, kuma a ganina labarinsa ya fi amfani.

Abin da ke faruwa a hannun mai wasa

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a ga cikin wasan, domin sai an san abin da ake nema ake gane shi a tsofaffin littattafai. Da mai kallo ya nuna kashi a karo na farko, an zubar da katuna 14 daga zato, saura bakwai. Da aka sa kashin a tsakiya, katin nasa yana wani wuri tsakanin na 8 da na 14. A rabo na biyu waɗannan bakwai ɗin suna warwatsuwa cikin kashi ukun: biyu nan, uku nan, biyu can, kuma duk suna sauka a wuri na 3, ko na 4, ko na 5 a kashinsu. Ya sake nunawa, aka sake sa wa a tsakiya, yanzu katin ba zai wuce na 10, ko na 11, ko na 12 ba. A rabo na uku waɗannan wurare uku suna faɗawa ɗaya a kowane kashi, kowanne a wuri na 4, wato tsakiyar bakwai. Nuni na ƙarshe ya rage kati guda tak. Bakwai na sama a haɗa da huɗu, an samu 11.

Aikin kamar tankaɗe ne da rariya uku, kowace ta fi wadda ta gabace ta ƙananan idanu. Mai kallo yana jin bai faɗi komai ba, alhali shi da kansa ya ba da amsar a gutsure. Kowane nuni zaɓi ne na ɗaya cikin uku, an kuma yi shi sau uku. Uku sau uku sau uku 27 ke nan. Ma'ana, amsoshi ukun nan suna iya bambance abubuwa har 27. Shi ya sa wasan yake tafiya da katuna 15, da 21, da 27, amma in aka kai 33 rabo uku ba zai isa ba, sai an ƙara na huɗu. A riƙe wannan lamba ta 27, domin a kanta labarin zai juya.

Karta ta riga, dabo ya biyo

Ba za a yi dabon karta ba sai da karta. Masana tarihi suna danganta farkon wasa da katuna da ƙasar Sin, amma kartar da Turai ta sani ta shigo mata ne ta hannun Musulmi, musamman Masar ta zamanin Mamluk. A 1939 masanin tarihin fasahar Musulunci Leo Mayer ya bayyana wasu katunan Mamluk da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul. Gidajensu huɗu ne: kofuna, tsabar kuɗi, takubba da sandunan ƙwallon dawaki. A shekarun 1370 ambaton karta ya fara bayyana a takardun biranen Turai, kuma sau da yawa a dokokin hani yake fitowa, kamar wadda hukumar birnin Florence ta kafa a 1377 saboda caca.

Amma dabarar gano abin da mutum ya ƙudurta ba ta jira karta ba. Ana iya yin ta da tsabar kuɗi, ko tsakuwa, ko kowane abu da za a jera. Wannan ya bayyana a aikin Luca Pacioli, malamin lissafi ɗan Italiya, wanda akantoci suka fi sani saboda littafinsa na 1494 da ya bayyana tsarin ajiye lissafin kasuwanci mai shafi biyu. Pacioli abokin Leonardo da Vinci ne, sun zauna tare a Milan. Wajen shekarar 1500 ya rubuta wani littafi mai suna De Viribus Quantitatis, tarin wasannin lamba da ka-cici-ka-cici da dabo. A ciki akwai yadda za a gano kuɗi guda da mutum ya ƙudurta cikin 16, ta hanyar raba su gida biyu ana maimaita tambaya. Biyu sau biyu har sau huɗu 16 ne. Ga jinin wasanmu nan sarai, sai dai da kashi biyu maimakon uku, da kuɗi maimakon kati. Littafin bai shiga injin ɗab'i ba a zamanin marubucinsa. Ya zauna a rubutun hannu a ɗakin karatu na Jami'ar Bologna, ba a buga shi ba sai ƙarshen ƙarni na 20. Kuma Pacioli mai tattarawa ne, yana rubuta abin da ya tarar ana yi. Wato tun a lokacin wasan ya riga ya tsufa.

Ƙarni na 16 ya kawo littattafan da suka fara fallasa dabo a fili. A Ingila, a 1584, Reginald Scot ya wallafa The Discoverie of Witchcraft. Burinsa ya kare talakawa, musamman tsofaffin mata, da ake kashewa da zargin maita, don haka ya bayyana yadda 'yan dabo ke yin abubuwan da jama'a ke ɗauka tsafi ne, har da na karta. A Venice kuma, a 1593, Horatio Galasso ya fitar da ɗan littafi kan wasannin karta da suka dogara ga ƙa'ida da hadda. 

Bachet ya shigar da shi littafin lissafi

Wanda ya ba wasan kashi uku mazauni a cikin littafin lissafi da ya yi tasiri shi ne Claude-Gaspard Bachet de Méziriac, Bafaranshe da aka haifa a 1581 ya rasu a 1638. Littafinsa na matsalolin lamba masu daɗi da nishaɗi, Problèmes plaisants et délectables, ya fito a 1612, aka faɗaɗa shi a 1624. Shi ne ya zama rijiyar da marubutan wasannin lissafi na Turai suka yi ta ɗiba shekaru aru-aru. Bachet ba ƙaramin malami ba ne. Shi ya fassara littafin Diophantus daga Girkanci zuwa Latin a 1621, kuma a gefen shafin wannan fassara ce Pierre de Fermat ya rubuta iƙirarinsa da ya gagari masana har sai da Andrew Wiles ya tabbatar da shi a shekarun 1990.

Akwai abin lura a nan. Ana danganta wata matsala ta awo da sunan Bachet, ko da yake Fibonacci ya riga shi kawo ta a 1202: wane duwatsun awo huɗu ne za su auna kowane nauyi daga 1 zuwa 40 a kan sikeli mai faranti biyu? Amsar ita ce 1, 3, 9 da 27. Waɗannan lambobin su ne ainihin mabuɗin wasan kashi uku. Mabuɗi da ƙofa suna cikin littafi ɗaya, amma ba a haɗa su ba. Masanin Cambridge W. W. Rouse Ball, wanda littafinsa na wasannin lissafi ya fara fitowa a 1892, ya ambaci cewa Bachet ya kawo wasan, sai dai bayanin da ya yi masa bai gamsar ba. Sai da aka ƙara kusan shekaru 200 bayan Bachet kafin wani ya zauna ya feɗe shi.

Gergonne da katuna 27

Joseph Diez Gergonne, wanda ya rayu daga 1771 zuwa 1859, ya fara ne a matsayin hafsan sojan igwa a Faransa kafin ya koma koyar da lissafi a garin Nîmes, daga baya ya zama farfesa a Montpellier. A 1810 ya kafa mujallar Annales de mathématiques pures et appliquées, ɗaya daga cikin mujallun farko da aka keɓe wa lissafi zalla. A kundi na huɗu na mujallar, na 1813 zuwa 1814, ya wallafa bincike a kan wannan dabo na karta.

Tambayar da ya yi ita ce ta bambanta shi da magabatansa. 'Yan dabo sun saba sa kashin da aka nuna a tsakiya. Gergonne ya duba abin da zai faru idan mai wasa ya zaɓi inda zai sa shi a kowane karo: sama, ko tsakiya, ko ƙasa. Zaɓi uku, sau uku, hanyoyi 27 ke nan. Idan katunan 27 ne cif, kowace hanya tana kai katin wani wuri dabam. Don haka mai wasa yana iya kawo katin duk wurin da aka ce masa, daga na 1 har na 27, ko kuma, in wani ne ke tattarawa, ya faɗi inda katin ya tsaya ta hanyar lura da yadda aka tattara.

Ga yadda ake yi. A ce mai kallo ya zaɓi lamba 20. Ana son katuna 19 su kasance a saman katinsa. Sai a tambaya: tara nawa, uku nawa, ɗaya nawa ne a cikin 19? Tara biyu, wato 18, babu uku, sai ɗaya guda. Yanzu sifili yana nufin sama, 1 tsakiya, 2 ƙasa, kuma ana farawa daga gidan ɗaiɗai. A tattarawa ta farko kashin da aka nuna ya shiga tsakiya, a ta biyu ya hau sama, a ta uku ya koma ƙasa. Sharaɗin kawai shi ne kada a birkita jerin kowane kashi, kuma ana lissafa sama da ƙasa ne idan katunan sun kifa fuska. A ƙirga, kati na 20 shi ne. In kuwa aka sa a tsakiya duk sau ukun, 1 da 3 da 9 sun ba da 13, katin ya zama na 14, tsakiyar 27. Ashe tsohon wasan da kowa ya sani hanya ɗaya ce kawai cikin 27.

Abin da hannu ke yi a nan rubuta lamba ne da ƙidayar tushe uku. Mun saba da tushe goma, inda gidajen lamba suke ɗaya, goma, ɗari. A tushe uku gidajen su ne ɗaya, uku, tara, kuma alƙaluman 0, 1 da 2 kaɗai ake da su. Kowace tattarawa tana cika gida guda. Tasirin tattarawar farko yana raguwa da kashi uku a kowane sabon rabo, shi ya sa ta ƙare a matsayin gidan ɗaiɗai, ta ƙarshe kuwa ba abin da ya rage mata ƙarfi, sai ta zama gidan tara.

Gergonne bai tsaya a uku ba. Ya nuna cewa ƙa'idar tana aiki da kowane adadi: kashi huɗu, rabo huɗu, katuna 256, kashi biyar, rabo biyar, katuna 3,125. Daga nan wasan ya tashi daga dabara guda ya zama dangi guda na matsaloli, kuma har yau a littattafan lissafi da sunansa ake kiransa.

Bayan Gergonne

Masana sun ci gaba da tono. Rouse Ball ya yaɗa bayanin ga masu karanta Ingilishi. A 1895 Leonard Eugene Dickson, wanda daga baya ya zama jigo a ilmin aljabara a Amurka, ya rubuta maƙala a kan matsalar a mujallar ƙungiyar masana lissafi ta ƙasar. A 1956 Martin Gardner ya ware mata babi a littafinsa Mathematics, Magic and Mystery. A nan ya kawo tunanin Mel Stover, ɗan dabo daga Winnipeg ta Kanada: a yi wasan da kashi goma, rabo goma, katuna biliyan 10. Daɗin abin shi ne, tunda tushe goma muke amfani da shi, alƙaluman lambar kansu ne za su gaya wa mai wasa inda zai sa kashi a kowane karo. Ba mai iya yin sa da hannu. Ko da ana ajiye kati ɗaya kowace daƙiƙa ba hutu, rabo guda zai ci kimanin shekaru 317. Amma misalin ya fito da gaskiyar cewa wasan da tsarin rubuta lamba abu ɗaya ne.

Wannan ƙa'ida ta yi aiki a wajen dandalin wasa ma. Herman Hollerith ya ƙera injinan da suka ƙidaya jama'ar Amurka a 1890 ta amfani da katuna masu huda, kuma kamfaninsa na cikin waɗanda suka haɗu suka zama IBM. Injinan tantance irin waɗannan katuna suna jera su ne ta hanyar raba su gida-gida bisa alƙalami na ƙarshe, a tattara ba tare da birkita jeri ba, a sake rabawa bisa alƙalami na gaba, har a gama. Wannan hanya ce ɗaliban kwamfuta ke koya har yanzu. Ba daga 'yan dabo injiniyoyin suka ɗauko ta ba, amma ƙashin bayan guda ne: raba, tattara, maimaita, kowane zagaye ya daidaita gida ɗaya na lamba.

Me ya sa bin sawun ke da wuya?

Dalili na farko shi ne sirri. Ɗan dabo da sirrinsa yake ci, don haka baki da baki ake gadon ilmin, daga maigida zuwa yaronsa. Ranar da wasa ya shiga littafi ba ita ce ranar haihuwarsa ba, sau da yawa ma ranar ce da ya riga ya zama gama-gari har ba a ƙyashin bayyana shi. Dalili na biyu, tsofaffin marubuta suna kwafar juna ba tare da ambaton inda suka samo ba, kuma a zamaninsu ba a ɗauki hakan laifi ba. Na uku, wasa yana sauya riga: yau da kuɗi, gobe da karta, nan kashi biyu, can kashi uku, katuna 15 ko 21 ko 27. Wanda ke neman kamanni na zahiri zai wuce kakan wasan bai gane shi ba. Sai wanda ya san lissafin da ke ƙasa ne zai ce wannan da wancan 'yan gida ɗaya ne.

Na huɗu shi ne yadda suna ke manne wa abu. Akwai wani tsarin jera karta da 'yan dabo ke kira da sunan Si Stebbins, ɗan wasan Amurka da ya yaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, inda kowane kati ya ɗara na gabansa da uku. Da aka koma littafin Galasso na 1593 sai ga irin tsarin a ciki, shekaru 300 kafin mai sunan. Haka Gergonne bai ƙirƙiri wasan da ake kira da sunansa ba. Mutane irin su David Singmaster, wanda ya shafe shekaru yana tattara tushen wasannin lissafi daga tsofaffin littattafai da rubuce-rubucen hannu, sun nuna cewa kusan duk lokacin da aka ce ga mafari, wani tsohon shafi yana iya fitowa ya tura tarihin baya. Saboda haka mai bincike na gaskiya cewa yake yi ga mafi tsufan rubutun da aka samu, ba ya cewa ga wanda ya ƙirƙira.

Inda nake tsaye

Ina ganin adalci shi ne a raba yabon kamar yadda aikin ya rabu. Akwai mutanen da ba a san sunayensu ba, waɗanda suka lura cewa maimaita rabo yana kora abu zuwa tsakiya, suka adana dabarar a hannuwansu. Akwai Pacioli da Bachet da suka rubuta don kada ta ɓace. Akwai Gergonne da ya tambayi dalili. Ban ga laifi ba da sunansa ya zauna a kan wasan, muddin an san abin da sunan ke tunawa. Wanda ya san yadda ake yi yana da wasa ɗaya. Wanda ya san dalili yana iya kai katin duk inda ya so, ya sauya yawan kashi, ya kuma faɗi tun kafin a gwada cewa katuna 33 ba za su yi ba. Wannan tazara ce tsakanin hadda da fahimta, kuma ita ce tazarar da ke damun karatun lissafi a wurare da yawa.

Shi ya sa nake ganin wurin da ya fi dacewa da wannan dabo shi ne aji. Ana koyar da ƙidaya da tushe dabam-dabam a makarantun sakandare, kuma ɗalibai da yawa suna haddace matakan juya lamba ba tare da sun ga amfaninsu ba. Malamin da ke ƙyamar karta saboda alaƙarta da caca ba ya buƙatar ta: guntayen takarda 27 da aka rubuta wa lambobi ko sunayen garuruwa sun wadatar, kamar yadda tsabar kuɗi ta wadatar da Pacioli. Ya yi wasan sau ɗaya, ya bar yara su yi mamaki, sannan ya hana su tsayawa a mamakin. Su bi kati guda su rubuta inda yake bayan kowane rabo. Su nemo da kansu abin da ya sa 1, 3 da 9 suke fitowa. Su gwada kashi biyu da katuna takwas su ga rabo nawa ake buƙata. Yaron da ya warware wannan da hannunsa ya koyi tushe uku, ya kuma koyi abin da Reginald Scot ya so mutanen zamaninsa su koya: idan abu ya ba ka mamaki, ka fara neman yadda aka yi shi kafin ka miƙa wa mai yin sa imaninka ko kuɗinka.